Keke da su a zafin bazara: abin da ya kamata ku sani kafin ku bar Dakoro

Mutumin Dakoro da ya yi niyyar hawa keke ranar hutu don ya je ya jefa fatsa, tun kafin ya ɗaura kaya ya san ruwan ba a bayan gari yake ba. Kwarin Tarka tsohon gulbi ne da ya daɗe da daina gudu. Ruwan sama a wannan yanki yana tsakanin milimita 300 da 400 a yawancin shekaru, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba ya ɗauke. Akwai tabkuna, irin na Birnin Lalle a kudu da gari da na Akadane can arewa wajen Bermo, amma idan bazara ta yi nisa ruwansu kan janye ƙwarai, hanyar arewa kuma rairayi ce, ga shi keke ba ya shiri da rairayi. Ruwan da jihar Maraɗi ke tinƙaho da shi shi ne tabkin Madarunfa, wanda kan kai kusan hekta 800 idan ya cika, kuma a 2019 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa.

Daga Dakoro zuwa Maraɗi, ta Kornaka da Sabon Mashi da Tibiri, kimanin kilomita 120 ne a kan kwalta. A ƙara ashirin da 'yan kai zuwa Madarunfa, an tasar wa 150. Matashi mai lafiya a kan keke irin na gida, da jarka da kayan su a baya, yakan ci kilomita 15 a awa idan hanya ta yi kyau. Ke nan awa goma yana kan sirdi a zuwa, goma a dawowa. A Faransa, inda masu doguwar tafiya da keke ke yin Paris zuwa Brest da dawowa tun 1891, tazarar kilomita 1,200 cikin awa 90, ƙaramar jarrabawarsu ita ce kilomita 200 cikin awa 13 da rabi. Saurin bai wuce namu ba. Bambancin shi ne su suna iya tuƙi da tsakar rana, mu kuwa a Afrilu da Mayu tsakar rana ba ta tuƙuwa. Wanda bai saka wannan cikin lissafinsa ba, duk sauran shirinsa a kan kuskure ya gina shi.

Dalilin yana cikin jikin mutum. Idan kana taka feda, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar kaɗai na ƙarfin da jiki ya ƙona ke tura keke gaba. Ragowar duka zafi ne da ke taruwa a ciki, alhali jikin yana son ya zauna a digiri 37. A lokacin ɗari, iskar da ke dukan mai keke ita ke kwashe wannan zafin. Amma fatar mutum ba ta wuce digiri 35 ba, saboda haka da zarar iskar waje ta haura haka, ta daina sanyaya ka, ƙara maka wuta take yi. A bazararmu ma'auni yakan kai 41 ko 42 a inuwa, wasu ranakun 44 ko 45, kwaltar da ke ƙarƙashin taya kuma takan wuce 60. Hanya ɗaya ta rage wa jiki, ita ce gumi. Yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa saboda tsatsafar da ke bushewa a bayanta, haka gumi ke sanyaya mutum, kuma sai ya bushe a kan fata yake aiki. Wanda ya ɗiga ƙasa asara ce.

Shi ya sa ƙarshen Mayu da farkon Yuni suka fi Afrilu haɗari, ko da ma'auni bai nuna ƙari ba. Iskar kudu maso yamma ta fara shigowa da laima, ruwa bai sauka ba tukuna, gumi yana zuba amma ba ya bushewa. Dare ma ba ya yin sanyin da jiki zai huce, mutum ya wayi gari da sauran zafin jiya.

Nakan ji ana cewa mu a rana aka haife mu, Turawa ne take kayarwa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Jikin da ya saba aiki a zafi yana fara gumi da wuri, yana zubar da shi da yawa, gishirin da ke fita cikinsa kuma ya ragu. Sai dai wannan sabon da aiki ake samun sa, cikin kwana 10 zuwa 14 na motsa jiki a zafi ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma yana gushewa cikin 'yan makonni idan aka daina. Malamin makaranta ko ma'aikacin ofis da ke wuni a inuwa ba shi da sabon mai jan ruwa a rijiya, ko da unguwarsu ɗaya. Sabon kansa yana da iyaka. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, alhali a dukan watan Afrilun shekarar da ta gabata 130 ya ƙirga. Waɗannan 'yan Sahel ne irinmu, kuma akasarinsu ba keke suke tuƙawa ba.

To, awa nawa suka rage wa mai keke a yinin bazara? Da sanyin safiya ake kama fara. A Afrilu rana tana fitowa wajen ƙarfe shida da 'yan mintoci a Dakoro, ta faɗi kafin bakwai. Daga an sallame sallar asuba gari ya fara haske zuwa ƙarfe goma, awa huɗu ke nan masu kyau. Daga bayan la'asar zuwa magariba akwai kamar biyu, su ma da zafinsu, don kwalta tana sakin abin da ta sha tun safe. Awa shida, kilomita 90. Madarunfa ba ta isuwa a yini ɗaya, zuwa da dawowa kuwa ba za su shiga Asabar da Lahadi ba, balle a sami lokacin jefa ƙugiya. Wanda ya dage sai a bazara, ya tashi Juma'a da asuba ya kwana a hanya, ya ƙarasa Asabar da hantsi, ya yi su da yamma da safiyar Lahadi, sannan ya ɗora keken a mota daga tashar Maraɗi. Babu abin kunya a cikin wannan.

Wani zai ce to a yi tafiyar dare mana, tunda da sanyi. Ban ba da wannan shawara ba. Manyan motoci ba sa ganin keke a duhu, amalanke da dabbobi ba su da fitila, ƙauyukan kan iyaka a gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji kuma sun sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da mutane a shekarun nan. A tambayi jandarma da mutanen gari halin da hanya ke ciki a makon da za a tafi, a kwana cikin gari wurin wanda aka sani, kuma kada a yi tafiyar mutum ɗaya. Nan gaba za ku ga abin da ya sa abokin tafiya ya fi kowane kaya muhimmanci.

Ruwa, gishiri da ƙwaya

Mai keke a irin wannan zafi yana zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa. Idan asarar ta kai kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, wato kusan lita ɗaya da rabi ga mai kilo 70, ƙarfi ya fara raguwa, zuciya tana bugawa da sauri don jini ya ragu, jiki kuma yana ƙara ɗumi. Ciki ba ya iya karɓar fiye da kimanin lita ɗaya a awa, saboda haka ba a biyan bashin ruwa da kwankwaɗa ɗaya. A riƙa kurɓa kowane minti 15 ko 20, abin da zai kai rabin lita zuwa lita a awa, wato ledar ruwa ɗaya zuwa biyu. A tashi da aƙalla lita biyar a jarkar da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu, a sake cikawa a kowane gari ko da ba ta ƙare ba. Rijiyoyin ƙasar Dakoro suna da zurfi, famfon ƙauye kuma yana iya lalacewa ranar da aka fi bukatarsa.

Ruwa zalla bai isa ba. Gumi yana fita da gishiri, farin da ke kwanciya a riga idan ta bushe shi ne shaida. Wanda ya yi ta ɗura ruwa awa da awanni ba ya cin komai, gishirin jininsa na iya tsinkewa har ya kawo ciwon kai, amai da ruɗewa, wani lokaci har ya kai ga rasa rai. Maganin yana da arha. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai zawo shi ne dai: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙananan cokulan shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ko a sayi ƙullinsa a kantin magani. A sha shi jefi-jefi tsakanin ruwa. Fura da nono a wurin hutu, dabino a aljihu, ƙuli-ƙuli ko ɗan kilishi, duk suna mayar da abin da ya fita. Fitsari shi ne ma'aunin da kowa ke ɗauke da shi. Idan ya yi ja ya ƙaranta, ruwa ya yi kaɗan. Idan ya koma baƙi-baƙi kamar shayi mai kauri, ga ciwon tsoka mai tsanani, tafiya ta ƙare, sai likita, domin alama ce tsoka na narkewa tana toshe ƙoda.

Mai azumi kada ya haɗa azuminsa da wannan tafiya a bazara. Ko ya ɗage ta, ko ya tambayi malamai hukuncin matafiyi tun yana gida.

Sai maganar da ta fi damuna, ita ce tramol. Samari da yawa masu aikin ƙarfi sun ɗauke shi maganin gajiya, kuma zai yi wuya a shirya tafiyar kilomita 150 ba a sami wanda ya sako shi a aljihu ba. Gajiya da ciwon kai su ne jiki ke faɗa wa mutum ya tsaya. Ƙwayar tana toshe wannan saƙon, zafin kuwa yana ci gaba da taruwa, ga shi tana kawo jiri da farfaɗiya. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta shi a gasa tun 1 ga Maris 2019. Tun kafin nan masu keke sun ga abin da ƙwaya da rana ke yi idan sun haɗu. Ranar 13 ga Yulin 1967, a gasar Tour de France, ɗan Ingila Tom Simpson, zakaran duniya na 1965, ya faɗi yana hawan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi, ya rasu yana da shekara 29. An sami ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac su ma a bar su, suna cutar da ƙodar da ruwa ya yi wa ƙaranci.

Idan abokinka ya fara magana ba kan gado

Rana tana kayar da mutum mataki-mataki. Da farko jijiyoyin ƙafa su ɗaure, kai ya yi ciwo, jiri da tashin zuciya su biyo, ƙarfi ya tafi. A wannan matakin mutum yana cikin hankalinsa. A sauka, a shiga inuwa, a kwanta a ɗaga ƙafafu, a jiƙa jiki, a sha ruwan gishiri da sukari. Tafiyar ranar ta ƙare ko da ya ce ya warware.

Mataki na gaba shi ne wanda ke kisa. Zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Keken ya fara tangaɗi a hanya, mutum ya riƙa amsa abin da ba a tambaye shi ba, ya yi fushi babu dalili, ya kasa faɗin sunan garin da aka baro, ko ya yanke jiki ya faɗi. Kada a jira a ga gumi ya ɗauke, mai aikin ƙarfi yana iya shiga wannan hali jikinsa sharkaf. Shi kansa ba zai san abin da ke faruwa ba, kuma sau da yawa zai dage lafiyarsa lau. Saboda haka ne ake tafiya da aboki. Ku yi alkawari tun a gida cewa duk wanda aka ce ya sauka zai sauka.

A ƙasarmu, mutumin da ya ruɗe da tsakar rana a daji ko a bakin tabki, abin da zai fara zuwa zuciyar jama'a shi ne iska ta taɓa shi. Ba na hana kowa addu'a. A yi ta, amma hannu yana zuba ruwa. Abin da ke raba rayuwa da mutuwa a nan shi ne minti 30 na farko. A kai shi inuwa, a cire masa riga, a kwarara masa duk ruwan da ke akwai daga wuya zuwa ƙafa, a yi ta fifita da ƙarfi, a sake jiƙawa. Idan akwai ƙanƙara a sa a wuya, hammata da matsematsi. Idan akwai kwalbatin shayar da dabbobi ko bakin tabki kusa, a tsoma jikinsa, wani ya riƙe kansa a sama. Ana cikin sanyayawar ake neman mota, kuma a ci gaba da ita a cikin motar har likita. Wanda bai farfaɗo ba, ba a ɗura masa ruwa a baki, a kwantar da shi a gefensa. Paracetamol ba ya sauke irin wannan zafin. Ko ya dawo hayyacinsa a kai shi a duba, don zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, wanda shi ma lokacinsa ke nan, suna iya zuwa da kama irin wannan.

Keken kansa ba ya bukatar dogon bayani. Kada a cika taya da iska tam da asuba, zafin kwalta zai ƙara mata. Tsohon faci yakan ɗago a rana, ƙayar aduwa da tsidau kuma suna jiran duk wanda ya sauka gefen hanya neman inuwa, don haka a tafi da famfo, kayan faci da sabon tiyub. Riga fara mai faɗi da dogon hannu ta fi tsirara, kuma a riƙa jiƙa ta.

A bakin ruwa

Ruwa yana da masu shi. A Madarunfa akwai masunta da suka gaji sana'ar, da shugabanninsu, akwai kuma ma'aikatan gandun daji da ke kula da dokar su da ba da takardar izini. Baƙo ya fara da sallama, ya nemi sarkin ruwa ko wakilinsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, daga Dakoro muke, fatsa muka zo jefawa, ina aka yarda mu tsaya?" A nan zai ji ko an rufe ruwan a wannan lokaci, da inda aka kafa raga da mamari, da inda zurfi yake. Su da guba haramun ne a doka, gidan sauro kuma yana kwashe 'ya'yan kifin da za a ci baɗi. Mutanen wurin suna girmama kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da tabkin, baƙo ma ya kiyaye.

Kifi ma agogon mai keke yake bi. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa: kimanin miligiram 9 a lita idan yana digiri 20, ya sauko wajen 7 da rabi a digiri 30. Da tsakar rana karfasa takan koma zurfi ko ƙarƙashin ciyawa ta rage ci, sai da safe da yamma take kusanto gaɓa. Tarwaɗa ta fi kamuwa daga faɗuwar rana, kuma ita ke daɗewa a tabkin da ke ƙafewa, saboda tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama da ita. Gaiwa ta fi ta dabara, takan shige cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi ta jira damina. Gara da tana suna aiki a ƙugiya, hanjin kaza kuma na tarwaɗa ne.

Mutumin da ya sha rana, ya ga ruwa shimfiɗe, ransa zai so ya faɗa ciki. A nan tsargiya take. Tsutsarta tana fitowa daga ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwan kwance, ta huda lafiyayyar fata ta shiga jini, bayan makonni a ga jini a fitsari. Ta fi yawa a ruwa daga hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da wankan ya fi daɗi. A yi su daga gaɓa ko cikin kwalekwalen masunci, a yi wanka da ruwan rijiya ko famfo. Tsoma wanda rana ta buga daban ne, can rai ake ceto, tsargiya kuwa tana da magani, praziquantel. Wanda ya taso a Dakoro da wuya ya iya iyo, gindin tabki kuma laka ce mai riƙe ƙafa, ƙafar da ta wuni tana taka feda ga ta da saurin ɗaurewa.

Kifin da aka kama da safe ba zai kai Dakoro ɗanye a bayan keke ba. A wannan zafi cikin 'yan awanni yake lalacewa. A fede shi nan take, a cire hanji, a wanke da ruwa mai tsabta. Wanda za a ci a gasa a ci. Na tsaraba a ba masu banda su kyafe shi, ko a soya shi ya soyu sosai. Tarwaɗa tana jurewa da rai na wani lokaci a jiƙaƙƙen buhu a inuwa, amma ba a kan kariyar keke da rana ba.

A ganina wannan tafiya ta Nuwamba zuwa Fabrairu ce. Gasar Tour du Faso ta maƙwabtanmu, wadda aka fara a 1987, a shekarun nan ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba ake yin ta, kuma masu yin ta ƙwararru ne da motocin ruwa da likitoci ke bi a baya. A watannin ɗari tabkuna suna da sauran ruwan damina, har na kusa da gida, ana kuma iya tuƙi yawancin yini. Abin lura shi ne iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa: za ta taimaka muku a hanyar Maraɗi, ta tare ku a dawowa da ƙura a fuska. A ware wa dawowar awanni fiye da na zuwa, a ɗaura rawani ko ƙyalle a hanci, kuma a sha ruwa kamar yadda aka faɗa, don busasshiyar iska tana shanye gumi tun mutum bai ga ya jiƙe ba.